Harshe ba mudu ba ne

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A kasuwar hatsi wannan magana daidai take, domin tsohon ɗan kasuwa yana duban tulin gero ya faɗi tiya nawa ne, a auna a tarar bai yi nisa da gaskiya ba. To amma akwai inda muka ɗauki harshe muka mai da shi mudu, alhali a can bai san ƙima ba. A fada, idan shayi ya yi duhu ya yi ɗaci sai a ce ya yi ƙarfi. Mai sayen kafe yana kurɓa ya ji ɗaci, sai ya tabbata yau ba barci. Mai jiƙe-jiƙen magani kuwa ɗacin nan shi ne babbar shaidarsa, idan ka yamutsa fuska sai ya ce maka aiki ne ya fara.

Ni kimiyya nake koyarwa a makarantar horon malamai, kuma duk shekara wannan magana tana tasowa a aji. Shi ya sa nake so yau mu duba yadda masu aikin awo suke yi a ɗakin gwaje-gwaje idan suna son sanin abin da ke cikin kofi, da abin da ya shiga jikin wanda ya sha, sannan mu ga abin da ya shafe mu a ciki.

Abin da ke hana barci a shayi da kafe da goro abu ɗaya ne, sunansa kafeyin. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Friedlieb Ferdinand Runge, shi ya fara fitar da shi daga ƙwayar kafe a 1819. A 1827 aka fitar da irinsa daga ganyen shayi, aka ba shi suna dabam, sai a 1838 aka tabbatar duk abu guda ne. Idan aka tace shi, farin gari ne mai ƴan siraran allurai, ba shi da ƙamshi, kuma idan ya narke a ruwa ba ya canja launin ruwan. Wannan kaɗai ya isa ya rushe rabin hukuncin da ake yankewa a fada, tun da duhun shayi ba daga kafeyin yake ba.

Ɗacin ma haka. Gaskiya kafeyin yana da ɗaci, amma binciken da Thomas Hofmann da abokan aikinsa suka bayyana a 2007 ya nuna kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai na ɗacin kafe ke fitowa daga gare shi. Sauran daga wasu sinadarai ne da ke samuwa lokacin da ake toya ƙwayar, kuma gwargwadon yadda aka tsananta tuya, gwargwadon yadda ɗacin ke ƙaruwa. Shi ya sa kafen da aka cire wa kafeyin a masana'anta yake nan da ɗacinsa. A shayi kuma, abin da ke kama baki mu Hausawa muna da sunansa, bauri. Sinadaran da ke kawo shi dangin waɗanda ke cikin bagaruwa ne, wadda majema ke jima da ita. Yadda suke kama fata su ƙarfafa ta, haka suke kama wasu sinadaran da ke sa yawu santsi, sai baki ya bushe ya yi kaushi. Idan shayi ya daɗe yana tafasa a kan gawayi, baurin ne ke ta ƙaruwa. Kafeyin shi mai saurin narkewa ne a ruwan zafi, mafi yawansa yana fita tun a dahuwar farko. Sukari kuma yana rufe ɗaci, amma ba ya rage kafeyin ko ƙwaya ɗaya. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 zaƙi gare shi, amma miligiram 80 ke ciki, ya ninka na gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 fiye da sau biyu. Namijin goro ya fi goro ɗaci nesa ba kusa ba, amma ba danginsu ɗaya ba, kuma goron ne aka sani da kafeyin.

To tun da ido da harshe sun kasa, da me ake awo?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta haske. Akwai hasken da idonmu ba ya gani, wanda ke gaba da shuɗi, irin wanda ke cikin hasken rana yana ƙona fata. Kafeyin yana shanye wannan haske, kuma ya fi shan wanda tsawon zangonsa ya kai nanomita 273. Akwai na'ura mai fitila a gefe ɗaya da ido mai ƙirga haske a ɗaya gefen, ana ajiye ɗan kwalba mai ruwan a tsakiya. Gwargwadon yawan kafeyin, gwargwadon raguwar hasken da ke isa idon na'urar. Amma na'urar ba ta san miligiram ba, sai an koya mata. Mai awo yana ɗaukar tataccen kafeyin ya auna shi a sikeli, ya haɗa ruwa kashi-kashi da ya san ƙarfinsu, misali miligiram 5 a lita, da 10, da 15, da 20. Ya gwada kowanne, ya ɗiga sakamakon a takarda, ɗigogin su ba shi miƙaƙƙen layi. Daga nan ne zai sa ruwan da bai san ƙarfinsa ba, ya ga inda ya faɗo a kan layin. Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa duk awo kwatantawa ne. Tiyar kasuwa ma ba ta da daraja sai don kowa ya yarda da girmanta.

Matsalar wannan hanya ita ce ba kafeyin kaɗai ke shan wannan haske ba. Sinadaran baurin shayi suna sha, wasu abubuwan da ake zubawa a lemo don kada ya lalace su ma suna sha. Idan aka sa shayi kai tsaye, lissafi zai fi gaskiya yawa. Don haka ake fara girgiza shayin da wani ruwan sinadari da ba ya gauraya da ruwa, kamar yadda mai ba ya gauraya da shi. Kafeyin ya ƙaura zuwa cikinsa, akasarin sauran su tsaya a baya. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ruwan da aka saba amfani da shi, dikuloromitan, yana da illa ga mai shaƙa.

Hanyar da manyan ɗakunan gwaji suka dogara da ita yau ita ce ta rarrabewa, wadda ake kira kiromatogirafi. Asalinta daga wani masanin tsirrai ne na ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, wanda a farkon ƙarni na 20 ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye daga sama, ya ga launukan sun rabu hawa-hawa. A 1906 ya sa wa hanyar suna. Na'urar zamani, wadda aka fi sani da HPLC, bututun ƙarfe gare ta da bai wuce taƙi ɗaya ba, cike da gari mai laushi ƙwarai. Famfo yana tura haɗin ruwa da mitanol ta cikinsa da ƙarfi. Ana tace shayin, a shigar da abin da bai kai ɗigo ɗaya ba. Ka ɗauka mutane goma ne suka shiga kasuwar Maraɗi ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Baƙon da bai san kowa ba zai fita ɗaya ƙofar da wuri, ɗan gari kuwa sai ya tsaya gaisuwa a kowace rumfa. Haka sinadaran suke, kowanne da yadda yake maƙalewa a jikin garin, saboda haka kowanne da lokacin fitarsa. A bakin fita idon hasken nan yana jira, duk wanda ya wuce sai a ga tudu ya tashi a allon kwamfuta. Lokacin da tudun ya fito shi ke faɗin ko wane ne, girmansa kuma ya faɗi yawansa. Hukumar ma'aunai ta duniya ta rubuta wannan hanya dalla-dalla, ISO 10727 don shayi, ISO 20481 don kafe, domin awon Yamai da na Shanghai su zama abu ɗaya. Inda ake son tabbaci fiye da haka, sai a haɗa bututun da wata na'ura mai auna nauyin ƙwayar sinadarin kanta, wanda ga kafeyin 194 ne.

Sanin abin da ke cikin kofi rabin labari ne. Mutum biyu suna shan shayi daga buta ɗaya, ɗaya ya yi minshari, ɗaya ya kwana yana juyi. Don gane dalili sai an auna abin da ke cikin jiki, kuma a nan ne yawu ya shigo. Kafeyin yana shiga jini cikin sauri, ya kai ƙololuwa cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ya bazu a duk ruwan jiki. Daga jini yake ratsawa zuwa yawu, inda ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin jinin. Ke nan yawu madubin jini ne, kuma ba sai an soka allura ba.

Ɗaukarsa yana da ƙa'ida. Dole mutum ya kurkure baki ya jira, in ba haka ba ragowar shayin da ke tsakanin haƙora za a auna. Sannan ya tauna ɗan curin auduga mai tsabta minti ɗaya ko biyu, a sa audugar a kwalba, a juya ta a na'ura mai gudu har ruwan ya tatso, a ajiye a injin ƙanƙara zuwa ranar awo. Kafin a shigar da shi bututu ana kwantar da kaurinsa a tace, kuma ana ɗiga wani sinadari da aka san yawansa, don idan wani abu ya salwanta a hanya a gane nawa ne. Abin da ake nema kaɗan ne ƙwarai: babban mutum da ya sha miligiram 100 zai samu kusan miligiram 2 a kowace lita ta jininsa.

Hanta ce ke rusa kafeyin, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari tana mai da shi wani sinadari mai suna farazantin. Idan aka ba mutum adadin da aka sani, bayan ƴan awoyi aka auna kafeyin da farazantin a yawunsa, kwatancin su biyun yana nuna saurin hantarsa. A babban mutum mai lafiya, rabin abin da ya sha yana gushewa cikin kusan awa 5. Mai shan taba ya fi haka sauri. Mace mai tsohon ciki kuwa lokacin yana iya ninkawa har sau uku. Jariri sabon haihuwa kwanaki yake ɗauka. Abin mamaki, kafeyin ɗin nan magani ne ga bakwaini mai ɗaukewar numfashi, yana ma cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya. Likitoci sun yi ta binciken awon sa a yawun irin waɗannan jarirai don a rage huda musu diddige. Duk uwar da ta taɓa zaman jinyar bakwaini ta san darajar ɗigon jini ɗaya.

Saura ɗacin kansa. Na'ura tana iya faɗin yawan kinin da ke cikin lemon tonik, har ma cikin sauƙi, domin kinin yana ƙyalli shuɗi idan aka haska shi da hasken nan da ba a gani. Amma ɗaci ji ne, a harshe da ƙwaƙwalwa yake faruwa. Saboda haka har yau masu haɗa magunguna suna komawa ga harshen mutum, sai dai ba sa yarda da shi sai sun auna shi tukuna. A kundin ƙa'idojin magunguna na Turai, kinin ne ma'auni, kuma an ba shi lamba 200,000, ma'ana giram ɗaya a lita 200 ta ruwa ana jin ɗacinsa. Ana jera kofuna daga mai tsarkin ruwa zuwa mai ɗan ƙarfi. Mai ɗanɗano ya kurkure baki, ya riƙe mililita 10 na daƙiƙa 30, ya tofar, ya jira minti 10 kafin na gaba. Kofin da ya fara jin ɗaci a cikinsa shi ke nuna kaifin harshensa, da shi ake gyara lissafinsa. Sai bayan haka a ba shi jiƙon da ake son aunawa, shi ma an tsarma shi hawa-hawa.

Dalilin wannan wahala shi ne harsunanmu ba ɗaya ba ne. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, yana zuba wani gari mai suna PTC sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa ya koka da ɗaci, shi kuwa bai ji komai ba. Daga baya aka gano abin gado ne, kuma a 2003 aka gano ƙwayar halittar da ke da alhakinsa. Ɗan Adam yana da kusan iri 25 na masu karɓar ɗaci a harshe, kuma kowa da irin rabon da ya gada.

Wannan gwajin nakan yi shi da ɗalibaina ba tare da wata na'ura ba. Muna dafa shayi ba sukari, mu raba shi biyu mu cika da ruwa, mu sake raba wannan mu cika, har kofi takwas ko goma. Mutum ɗaya ne ya san jerin, sauran suna ɗanɗanawa da ido a rufe, kowa ya rubuta inda ya fara jin ɗaci ba tare da ya gaya wa na kusa da shi ba. Idan aka rubuta amsoshin a allo ba sa taɓa haɗuwa wuri ɗaya. Wata shekara wani ɗalibi, wanda shi ne mai dafa shayin fadarsu kuma yana taƙama da haka, ya ce mini: "Mushe, ashe shekara da shekaru gardamar banza muke yi, kowa da nasa bakin." Muna kuma ɗiga tawada a jikin allin rubutu mu tsayar da shi a ɗan ruwa, mu ga launuka suna hawa suna rabuwa, wato aikin Tsvet a kan teburin aji. Muna dumama busasshen ganyen shayi a murfin gwangwani a kan wuta kaɗan, mu rufe da gilashi mai sanyi, domin kafeyin yana tashi kamar hayaƙi ya daskare a jikin gilashin. Wanda ya ga farin abin nan da idonsa ba ya ƙara cewa duhun shayi ne ƙarfinsa.

Ga abin da ya sa na damu. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini ba shi da matsala ga babban mutum mai lafiya, 200 ga mai ciki, ga yara da matasa kuma miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu. Mu yi lissafi irin na aji. Busasshen ganyen shayi yakan ƙunshi kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na kafeyin, wani ma ya fi. Ƙaramin kwali mai giram 25 ke nan yana ɗauke da miligiram 500 zuwa 750. Idan mutum biyar suka raba shi, kowa ya tashi da abin da ya kusa 100 zuwa 150. Yaro mai kilo 50, rabonsa na yini duka 150 ne. Idan jarrabawar birbe ko ta bak ta matso, yaron nan zai sha shayin fada, ya ƙara da kafen mai fulas, wani har da gwangwanin lemon ƙara kuzari. Wanda ya sha miligiram 200 da ƙarfe 6 na yamma, 100 na nan a jikinsa ƙarfe 11 na dare, 50 kuma har ƙarfe 4 na asuba. Da safe ya zo aji ido ja, hannu na rawa, abin da ya karanta bai zauna ba, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana karatu. Mun sha kiran irin waɗannan yara malalata. Haka mai ciki da ke tauna goro don tashin zuciya, ta sha shayin maigida da yamma, ba wanda ya taɓa haɗa mata lissafin.

Waɗannan aƙalla mun san abin da ke cikinsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwalaben da ba su da takarda, ko masu takardar da ba ta faɗi komai ba sai alƙawari, waɗanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa da sunan maganin gajiya ko na ƙarfi. Ana yawan raɗe-raɗin cewa wasu masu kafe suna jefa ƙwaya a ciki. Raɗe-raɗi yana iya zaluntar mai sana'ar da ke neman halalinsa, yana kuma iya rufa wa mai laifi asiri, tun da ɗacin kafe yana ɓoye ɗacin ƙwaya. Bututun nan mai taƙi ɗaya shi ke raba gardama, domin baƙon sinadari tudunsa dabam yake fitowa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta rubuta gargaɗi a kan lemon da kafeyin ɗinsa ya wuce miligiram 150 a lita. Mu ma muna da inda za a fara. Akwai LANSPEX a Yamai, ɗakin gwajin ƙasa mai duba ingancin magunguna da abinci da ruwa. Akwai jami'ar Abdou Moumouni, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da sauran jami'o'in jihohi. Ɗalibin kimiyyar sinadarai da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ga shi nan a ƙofar gidansu: shayin fadojin unguwarsu, na farko da na biyu da na uku, da kafen tasha, da goron da ke shigo mana daga kudu. A auna, a fassara sakamakon da Hausa da Zabarmanci, a karanta a rediyo.

Mu malamai kuma namu aikin ya fi kusa. Ɗaliban da nake koyarwa gobe su ne za su tsaya gaban yara a ƙauyukan Tawa da Damagaram, inda ba lantarki balle na'ura. Ba na sa ran su auna nanomita. Abin da nake so su tafi da shi tambayoyi ne guda uku da mai awo ke yi kullum: nawa ne, da me aka kwatanta, kuma idan wani ya sake gwadawa zai samu haka? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi tun a lakwal, idan ya girma mai kwalba ya ce masa ɗacin nan shi ne maganin, zai tambaye shi abin da ke ciki da kuma yawansa. Maɗaci da shuwaka da bedi duk suna da ɗaci, kakanninmu sun yi amfani da su, kuma masu bincike suna nazarinsu. Amma guba da yawa ma ɗaci gare su, shi ya sa Allah ya sa harshe yake ƙyamar ɗaci tun muna jarirai.

Ban ce a tashi fada ba, ni ma ina zama, kuma na biyu na fi so. Abin da na roƙa shi ne mai dafawa ya san giram nawa ya zuba da mutum nawa za su sha, a bar yara ƴan jarrabawa su yi barci, a kuma rage wa masu ciki. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu dace.